Kifin Teku a Falo: Makonni Shida na Jira Kafin Ya Shiga Ruwa

A wannan fitowa za mu ɗan jingine maganar cefane da kuɗin makarantar yara, mu waiwayi wata tambaya da ta zo mana daga wasu magidanta, musamman waɗanda suke zaune a biranen bakin teku irin su Kwatano da Lome da Duwala. Tambayar ta shafi akwatin gilashin nan da ake zuba ruwa a ciki a saki kifayen ado, wanda Faransawa ke kira akwariyom. Ana ganinsa a otal-otal da ɗakunan jira na likitoci, yara kuma idan suka gani sai su kafe a kan lallai sai an sayo musu. Mafi jan hankalinsu shi ne kifin ruwan gishiri, domin launinsa ya fi na kogi ƙyalli nesa ba kusa ba, balle ɗan kifin nan mai ruwan lemu da ratsin fari da ya yi suna tun fitowar fim ɗin Finding Nemo a shekarar 2003.

Abin da ke faruwa a gidaje da yawa iri ɗaya ne. Maigida ya sayo akwati da gishiri da kifi a rana guda, a haɗa da la'asar, a zauna ana kallo bayan isha'i. Kwana uku ko huɗu komai lafiya. Kafin mako ya zagayo sai kifin ya daina cin abinci, ya taso saman ruwa yana haki, wata safiya kuma a tarar da shi a kife. Ruwan kuwa garau yake kamar hawaye, shi ya sa zargi yakan koma kan mai kanti, ko a ce ido ne ya kama kifin. Masu wannan sana'a sun san matsalar tun da daɗewa, har sun raɗa mata suna ciwon sabon akwati. Maganinta shi ne a bar akwatin ya nuna kafin a sa masa kifi, nunar kuma takan ci mako huɗu zuwa shida, wani lokaci har takwas.

Domin a fahimci dalilin jiran, sai mu fara da kifin kansa. Duk dabbar da ta ci abinci mai gina jiki dole ta fitar da ragowarsa. Mu da awaki da shanu jikinmu yana sarrafa wannan ragowa ya fitar da ita cikin fitsari. Kifi kuwa ba ya wahalar da kansa: yana fitar da mafi yawanta kai tsaye cikin ruwa ta jajayen tsokokin nan da ke ƙarƙashin murfin kuncinsa, waɗanda yake numfashi da su, a siffar wani sinadari mai suna amoniya. Duk wanda ya taɓa shiga akurkin kajin da aka daɗe ba a share ba, ya ji wani wari mai yaji ya doki hancinsa har idonsa ya kawo ruwa, to ya san amoniya. A teku wannan ba komai ba ne, domin ruwan ya fi ƙarfin ƙazantar. A cikin akwati mai lita 100 kuwa, kifin yana zaune ne a cikin abin da ya fitar, yana shaƙarsa dare da rana. Amoniya tana ƙona wurin numfashinsa, tana taɓa ƙwaƙwalwarsa, kuma ba ta da launin da ido zai gani.

A ruwan gishiri haɗarin ya ninka, kuma iyayenmu mata za su fi kowa saurin gane dalili. Sun san tsami, sun san kanwa da ke kashe shi. Masana suna auna wannan da wani ma'auni da ake rubutawa pH: lamba 7 ita ce tsakiya, ƙasa da ita tsami, sama da ita ɓangaren kanwa. Ruwan teku yana wajen 8.1 zuwa 8.3, wato ya karkata ga kanwa. Ita kuwa amoniya fuska biyu gare ta a cikin ruwa, ɗaya mai sauƙin illa, ɗaya mai kisa, kuma duk lokacin da ma'aunin ya hau da lamba ɗaya, kason mai kisan yakan ninka kusan sau goma. Zafi ma yana ƙara shi. Saboda haka adadin amoniyar da kifin kogi zai jure a ruwa mai lamba 7 zai iya halaka kifin teku a ruwa mai lamba 8 da ɗoriya.

Mai raba wannan gardama wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Mun saba jin sunansu a bakin likita a matsayin masu kawo cuta, amma waɗannan ma'aikata ne. Rukuni na farko abincinsu amoniya ce: suna cinye ta su mayar da ita wani sinadari mai suna nitirit. Rukuni na biyu su kuma su ci nitirit su mayar da shi nitirat, wanda illarsa ƙanƙanuwa ce idan bai taru da yawa ba. Wannan zagaye shi ne abin da littattafan makaranta na Faransanci ke kira cycle de l'azote, kuma shi ne yake gudana a gonakinmu duk damina idan taki ya ruɓe a ƙasa. Waɗannan halittu ba sa yawo a cikin ruwa sosai. Suna manne ne a jikin dutse da yashi da soson matata. Sabon akwati da aka wanke aka cika da ruwa mai tsabta kusan babu su a ciki. Nunar akwati ke nan: ba su abinci da iska da lokaci har su yi yawan da za su iya kwashe ƙazantar kifi tun kafin ta taru.

Labarin yadda aka gano su yana da daɗin ji, kuma yana ɗauke da amsar masu tambayar me ya sa jiran ya yi tsawo haka. A shekarar 1877 wasu masana biyu na Faransa, Schloesing da Müntz, suna binciken yadda za a tsabtace ruwan kwatamin birnin Faris. Suka cika wani dogon bututu da yashi da farar ƙasa, suka riƙa zuba ruwan kwatami ta sama kullum suna tarar abin da ya fito ta ƙasa. Kwana kusan ashirin amoniya tana fitowa yadda ta shiga. Daga nan sai ta fara ɓacewa, nitirat ya bayyana a madadinta. Suka ce da yashin ne yake wannan aiki da kansa, ai da tun ranar farko zai yi. Jinkirin nan alama ce ta wani abu mai rai da ke buƙatar lokaci ya hayayyafa. Suka busa tururin kulorofom, maganin sa barcin nan na asibiti, a cikin bututun, aikin ya tsaya cak. Suka zuba ɗan ruwan da aka jiƙa ƙasar lambu a ciki, aikin ya dawo. A shekarar 1890 wani masani ɗan daular Rasha mai suna Winogradsky, yana aiki a birnin Zurik, ya ware halittun, daga baya kuma ya nuna rukuni biyu ne. Binciken bai ƙare a nan ba. A 1998 aka nuna cewa a akwatunan ruwan daɗi masu cin nitirit yawanci wani jinsi ne mai suna Nitrospira, saɓanin wanda littattafai suka daɗe suna ambata. A 2005 kuma aka ware wata halitta daban, daga dangin da ake kira arkiya, wadda ita ma amoniya take ci, kuma daga ina aka samo ta? Daga tsakuwar wani akwatin kifin teku a gidan kallon kifaye na birnin Siyatil a Amurka. Daga baya aka gane danginta suna daga cikin halittun da suka fi yawa a tekunan duniya.

Waɗannan ma'aikata masu nawa ne wajen haihuwa. Akwai bakteriyar cikin hanji da takan rabu biyu duk minti ashirin idan ta sami abinci, shi ya sa miya ke lalacewa a yini guda lokacin bazara. Masu cin amoniya da nitirit kuwa sukan ɗauki mafi yawan yini, wani lokaci fiye, kafin ɗaya ta zama biyu. Mu ɗauka sau ɗaya ne a yini: ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama takwas. A kwana goma an sami dubu da ƴan kai, sai a kwana ashirin za a kai miliyan. Sa'an nan rukuni na biyu ba za su fara yawaita ba sai na farko sun samar musu da abinci. Idan aka haɗa jiran biyu, ga makonni shida nan sun cika. Babu kuɗin da zai soke wannan lissafi gaba ɗaya, sai dai ya rage shi.

To, yaya ake yi? Farko a zaɓi wuri, domin akwatin da aka cika ba ya ɗaguwa. Lita 100 na ruwan gishiri ya haura kilo 100, ban da dutse da yashi da gilashin kansa. A nemi teburi mai ƙarfi da shimfiɗaɗɗen daɓe, nesa da taga mai rana, nesa kuma da hanyar guje-gujen yara. Ga mai farawa muna ganin kada ya yi ƙasa da lita 100. Ƙaramin akwati yana da araha a kanti, amma ruwa kaɗan saurin ɗaukar zafi gare shi da saurin ɓaci, kamar yadda shayi a ƙaramin kofi yake rigan na buta hucewa.

Ruwan da za a zuba shi ne abu na biyu. Ruwan pampo ana sa masa kulorin domin ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba ya bambanta mugu da nagari. Zai kashe ma'aikatan da muke ƙoƙarin renowa. Mafi kyau shi ne ruwan da aka tace da na'urar da ake kira osmos, irin wadda masu sana'ar ruwan sha suke amfani da ita. Idan babu, a sa wa ruwan pampo maganin kashe kulorin da ake sayarwa a kantin kifi. Ruwan rijiya a yi hattara da shi, musamman a unguwannin da rijiya ke maƙwabtaka da masai, domin yakan zo da nasa nitirat. Ƴan uwanmu na bakin teku za su ce ga teku nan a bayan gida, me zai sa a sayi gishiri? Ruwan gaɓa a manyan birane yana gauraye da na kwatami da man jiragen ruwa, kuma yana iya ɗauko ƙwayoyin cutar kifi. Na Duwala ma ruwan bakin kogin Wuri ne, gauraye da ruwan daɗi da laka. Wanda zai ɗebi ruwan teku sai dai ya yi nisa da gaɓa, ya kuma tace.

Gishirin girki ba ya wannan aiki, haka ma na Bilma ko manda. Kashi 85 cikin 100 na gishirin teku ne kawai irin na miya. Sauran ya ƙunshi maganiziyom da kalsiyom da fotasiyom da wasunsu, kuma da su ne halittun teku suke rayuwa. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa a masana'anta domin akwariyom. Awonsa wajen giram 35 ne a kowace lita, wato kimanin kilo uku da rabi ga lita 100. A dama shi a wani bokiti mai tsabta, a zuba gishiri a kan ruwa, a bar shi ya kwana injin yana juya shi, sa'an nan a auna. Ma'aunin nauyin ruwa ya kamata ya nuna tsakanin 1.023 da 1.026. A nan akwai wani abu da ya kamata duk gidan su sani, har da mai shara: idan ruwan akwati ya ragu saboda zafi, ruwa ne kaɗai ya tashi, gishirin yana nan. Don haka ciko da ruwan daɗi tatacce ake yi. Wanda ya riƙa cikowa da ruwan gishiri zai wayi gari akwatinsa ya fi teku ɗaci.

Bayan ruwa sai dutse, wanda shi ne gidan ma'aikata. Ana so ya kasance mai ramuka da yawa kamar soso, irin dutsen murjani, kimanin kilo ɗaya ga kowace lita goma. Akwai busasshe, akwai kuma wanda ake kira rayayyen dutse, wato wanda aka ciro daga teku ko daga tsohon akwati yana jiƙe, da halittunsa a jiki. Wanda ya san wani mai tsohon akwatin ruwan gishiri mai lafiya, ya roƙe shi dutse guda ko ɗan soson matata, ya kawo shi a cikin ruwan akwatin kada ya bushe a hanya. Wannan shi ne abin da mai nono take yi idan ta ɗiga ɗan tsohon kindirmo a cikin sabuwar madara. Ana kuma sayar da bakteriyar a kwalba, kuma ta ƙwarai tana rage kwanakin jira. Sai dai abu ne mai rai. Kwalbar da ta yi makonni a cikin kwantena ko a kan kanta mai zafi mai yiwuwa ruwa ne kawai ya rage a cikinta, shi ya sa ba za mu dogara da alƙawarin da aka buga a jikin kwali ba sai gwaji ya tabbatar.

An haɗa komai, an kunna injin juya ruwa da matata. Saura abinci, tun da babu kifin da zai samar da amoniya. A da, abin da ake yi shi ne a sayo wasu ƙananan kifaye masu taurin rai, waɗanda Faransawa ke kira demoiselles, a jefa su a ciki su sha gubar. Wanda ya rayu ya rayu, wanda ya mutu a maye gurbinsa. Har yanzu akwai masu kantin da za su ba da wannan shawara, domin ciniki ne a gare su sau biyu. Mu ba mu yarda da ita ba. Dabbar da mutum ya tsare a inda ba ta iya guduwa ta zama amana a wuyansa, kuma hadisin matar nan da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya ishe mu gargaɗi. Balle ma babu larurar da ta tilasta. Ana iya jefa ɗanyen jatan lande guda ɗaya a cikin ɗan ƙyalle mai raga, a bar shi ya ruɓe kwana uku ko huɗu, a cire. Ana iya barbaɗa ɗan abincin kifi kullum. Mafi tsabta kuma shi ne ruwan amoniya na musamman da kantin kifi ke sayarwa, a ɗiga har gwaji ya nuna miligiram 2 a lita. Kada a haura 5, domin yawanta yana danne ma'aikatan maimakon ya ƙosar da su. Kada kuma a yi amfani da amoniyar goge gilashi, wadda ake haɗawa da sabulu da ƙamshi.

Daga nan aiki ya koma na kwalaben gwaji. Guda uku ne ba makawa: na amoniya, na nitirit, na nitirat, kuma a tabbata an rubuta a jikinsu cewa suna aiki a ruwan teku. Ana ɗebo ɗan ruwa a ƙaramar kwalba, a ɗiga magani, a jira ƴan mintoci, a gwada launin da takardar da ta zo da shi. A yi haka duk bayan kwana biyu ko uku, a rubuta a littafi da kwanan wata. Wannan aiki ne da ya dace da yaron da ke kolej. Zai ga darasin da malaminsa ya zana a allo yana faruwa a falon gidansu, kuma zai rage masa ƙorafin ina kifin yake.

Abin da littafin zai nuna, idan komai ya tafi daidai, shi ne kamar haka. Makon farko amoniya tana sama, babu abin da ya motsa, har mutum ya fara zargin an cuce shi. Cikin mako na biyu ta fara sauka, nitirit ya fara hawa. Nitirit yakan yi tsayuwar gwamin jaki a sama har mako biyu ko fiye, kuma a nan ne haƙurin yawancin mutane yake ƙarewa. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, a nan kam dutsen ne a zahiri ake jira ya nuna. Wata rana sai a gwada a ga ya faɗi warwas cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a damu da gwajin nitirat kafin wannan lokaci, domin maganin gwajinsa yana ruɗewa da nitirit ya ba da lamba ta ƙarya.

Gaskiya ne nitirit bai kai amoniya haɗari ba ga kifin teku. Ta ƙofa ɗaya yake shiga jinin kifi da wani ɓangare na gishiri, kuma a ruwan teku gishirin ya cika ƙofar. A ruwan daɗi kuwa mugu ne: yana hana jini ɗaukar iska har jinin ya koma ruwan ƙasa, kuma wannan ne dalilin da ya sa masu kiwon tarwaɗa suke watsa gishiri a tafkinsu idan kifi ya fara haki. Duk da haka muna jiran ya sauka, saboda saukarsa ita ce shaidar cewa rukuni na biyu sun kama aiki.

A cikin waɗannan makonni wata ƙura-ƙura mai ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi. Wani nau'in gansakuka ne da ke zuwa wa kowane sabon akwati, yakan kuma tafi da kansa. Barin fitilar akwati a kashe yana rage shi. Abin da muke roƙo shi ne kada uwargida ta ga wannan ta ɗauko omo da soso. Sabulu da jabel ba sa kusantar akwatin kifi, ciki ko kayan aikinsa. Soson matata idan ya toshe, a matse shi a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Wanke shi a bakin pampo daidai yake da rushe aikin wata guda. Hannun da zai shiga ruwan a ɗauraye shi da ruwa zalla, babu man shafawa babu turare. Maganin sauro na feshi kuma guba ne mai tsanani ga kifi, ko kaɗan ne ya sauka a kan ruwa. A gidajenmu da ake feshi kusan kowane dare da damina, wannan ba ƙaramar magana ba ce: ko dai a daina feshi a wannan ɗaki, ko a rufe akwatin ruf a kashe injin hura iska har ɗakin ya sha iska.

Sai babbar matsalar yankinmu, wato wuta da zafi. Ma'aikatan nan masu shan iska ne ƙwarai. Kowane giram na sinadarin azot da suka sarrafa yana cin fiye da giram huɗu na iskar oksijin. Ruwan teku kuma tun asali iskarsa ba ta kai ta ruwan daɗi ba, ta gaza da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma duk ruwan da ya yi ɗumi iskarsa raguwa take yi. Idan kuran ya ɗauke, injin ya tsaya, bakteriyar da ke cikin rufaffiyar matata za su fara shaƙewa cikin ƴan sa'o'i. Ƙaramin injin hura iska mai batir, ko haɗa injin akwatin da batirin hasken rana, wajibi ne a lissafa shi cikin kuɗin farko. Idan babu ko ɗaya, akwai dabarar wata mata mai suna Anna Thynne, wadda a wajajen 1846 ta fara riƙe halittun teku da rai a gidanta a Landan, kafin a san injin hura iska: kullum ana kwarara ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan ana maimaitawa. A ɗebi ruwan akwati da kofi a kwararo shi daga sama, kamar mai fifita koko. Yana aiki, amma wa zai kwana yana yi?

Zafin da kifin murjani yake so tsakanin digiri 24 ne da 27. A Yamai ko Marwa cikin watan Afrilu iska takan haura digiri 40, ruwan da ke falo kuma zai bi ta. Fanka da aka saita tana hura saman ruwan tana rage digiri biyu ko uku, sai dai za a yawaita ciko. Gorar ƙanƙara a rufe tana taimako na ɗan lokaci. Ra'ayinmu, kuma muna faɗinsa ba tare da kwana-kwana ba: iyalin da ke cikin Sahel, kilomita dubu daga teku, ba su da ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, su fara da akwatin ruwan daɗi. Nunarsa iri ɗaya ce da wadda muka bayyana, ban da gishiri, kifayensa sun fi jure zafi, kuma idan gishirin musamman ya yanke a kasuwa ba za a shiga uku ba. Makonnin jiran nan ma gwaji ne mai kyau: wanda ya rubuta zafin ruwa safe da yamma har wata guda zai san ko ɗakinsa zai iya riƙe kifin teku tun bai kashe ko ɗaya ba.

Yaushe za a ce akwati ya nuna? Idan amoniya da nitirit duka sun sauka sifiri, a sake ɗiga amoniya ta kai miligiram 1 zuwa 2 a lita, a jira sa'a 24, a gwada. Idan duka biyun sun koma sifiri, nitirat kuma ya bayyana, an gama. Idan da saura, a ƙara mako. Daga nan a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabi na ruwan a maye shi da sabon haɗi mai gishiri da zafi iri ɗaya, domin a rage nitirat. Ga akwatin kifi zalla ana so ya zauna ƙasa da miligiram 20 a lita. Idan kifin zai yi jinkirin zuwa, a ci gaba da barbaɗa ɗan abinci domin kada ma'aikatan su ragu.

Wajen zaɓen kifi, a tambayi mai kanti daga ina ya fito. Mafi yawan kifayen ado na teku kamo su ake yi daga daji, akasari a Indunusiya da Filifin, kuma akwai masu kamun da suke fesa gubar siyanid a ramukan murjani domin kifin ya suma su tsince shi. Irin wannan kifi yakan iso da kyaun gani, ya mutu bayan ƴan makonni ko da ruwan ba shi da laifi. Ɗan kifin mai ruwan lemu da yara ke so, alhamdu lillahi, ana kiwonsa a gonakin kifi tun shekarun 1970, kuma na kiwo ya fi saba wa akwati da abincin gwangwani. Abokiyarsa shuɗiya ta cikin fim ɗin kuwa takan kai kusan santimita 30, tana buƙatar akwati mai ɗaruruwan lita, kuma sai a 2016 aka fara samun nasarar hayayyafa irinta a hannu, a jihar Fulorida. A gaya wa yara wannan tun a gida, kafin a isa kanti.

Ranar kawo kifi, biyu sun isa. Yawan bakteriya daidai yake da yawan abincin da suka saba samu, idan aka zuba kifi takwas a lokaci guda ƙazantar za ta fi ƙarfinsu, a koma gidan jiya. A ɗora ledar da kifin ya zo a ciki a kan ruwan akwati minti goma sha biyar zuwa ashirin domin zafinsu ya daidaita, a riƙa ƙara mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan har wajen rabin sa'a, sa'an nan a ciro kifin da ƴar raga a sake shi, ruwan ledar kuma a zubar a waje. A bar fitila a kashe a ranar. A ci gaba da gwajin amoniya har mako biyu kafin a yi tunanin ƙaro wani, daga nan kuma a riƙa canza kashi ɗaya cikin goma na ruwan duk mako ko mako biyu. Abinci kuwa abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a yini, kuma mutum ɗaya a gidan za a ɗora wa wannan aiki. Gwangwanin abincin a ajiye shi inda hannun ƙananan yara ba ya kaiwa, domin kowane ɗayansu zai so ya nuna wa baƙo yadda kifin yake cin abinci.